Yadda ake sake wayarin tsohuwar tarakta: makulli, istarta da caji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda aka fara shirin damina tambaya ɗaya ake ta jefo min, daga nan Gadarif har Mai Wurno da Damazin a ƙasar Sudan: usta (haka ake kiran makaniki a nan), babur ɗina ba ya caji, ko kuma na murɗa makulli sai dai ya ce "ƙas" ya yi shiru, wayoyin duk sun cakuɗe, ta ina zan fara? ('Yan uwanmu na Najeriya da Nijar kada ku ɗauka mashin nake nufi, mu a nan tarakta ce babur.) Toh ga shi na zauna na rubuta yadda nake yi a warsha, wato garejin gyara. Masi (Massey Ferguson) zan ɗauka misali, su 135 da 165 da 290 masu injin Perkins, don su suka fi yawa a hannun mutanenmu, amma tsarin ɗaya ne a kusan duk tsohuwar tarakta mai folt 12. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, yawancin taraktocin da ake kawo min da sunan dinamo, wato abin da ke cajin batir, ya mutu wallahi dinamon lafiyarsa ƙalau, ardi (haɗin da ke mayar da wuta batir ta jikin ƙarfen tarakta) ne ya ci tsatsa ko kan waya ya ruɓe, shi yasa aikin nan a jere ake yinsa, waya ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa kana gaba.

1. Kayan da za ka tanada

Mita ta auna folt, ko ƴar ƙarama ce ta wadatar. Fitilar gwaji, wadda za ka iya haɗawa da kanka da kwan fitilar mota da waya biyu. Filaya ta matse kan waya, sukudireba, sifanu, samfefa, giris, salatif (tef ɗin naɗe waya), da bututun roba da za a zura wayoyi ciki.

Waya kuma kauri huɗu ne. Kebul na batir mai kauri 35 ko 50 (lambobin kaurin duk milimita sukwaya ne), guda biyu, gwargwadon nisan batir da istarta. Waya mai 6 kamar mita 3 don layin caji. Mai 2.5 kamar mita 6 don makulli da solonaid (ɗan gwangwanin da ke kan istarta mai haɗa masa wuta) da hita. Mai 1.5 kamar mita 10 don fitilar caji da sauran ƙananan abubuwa. Sai gidan fiyus da fiyus na ambir 30 da 15, kwan fitilar caji mai wat 2 da gidansa, rilai (ƙaramin makulli da wuta ke kunnawa) mai ƙafa huɗu, da kawunan waya masu zobe.

Maganar kuɗi, farashin isbirat, wato kayan gyara, yau daban gobe daban tunda dala yake bi, amma jerin tsadar ba ya canzawa: batir ne a sama, sai dinamo, sai makulli da kebul, ragowar tarkacen duk ba su kai rabin kuɗin batir ba. Dinamo na hannu babu laifi in an gwada maka shi a gabanka. Waya kam kada ka yi mata rowa. Akwai wadda ake sayarwa da araha, a ido jan ƙarfe ce amma in ka kankare ta da wuƙa sai ka ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa wa kala, ka ajiye musu abarsu. Kuma dan Allah a daina sa wayar gida mai silli ɗaya, girgizar tarakta a kan busasshiyar laƙar nan tamu sati biyu za ta karya ta a cikin robar ba tare da ka gani ba.

2. Cire batir, ka gano wane ɓangare ne ardi

Kafin komai ka duba wane kan batir ne aka ɗaure da jikin tarakta. Kan (+) ya fi kan (-) kauri, ko alamar ta goge za ka gane da wannan. Taraktocin Ingila na da can da yawansu (+) ne a jiki, irin masu tsohon dinamo dogo da akwatin kataut mai daidaita caji. In za ka sa dinamon zamani, wato altaneto, dole (-) ya koma jiki. Istarta ba ruwansa, gefen da ya saba juyawa zai ci gaba da juyawa.

Gargaɗi: ardi ake fara cirewa, shi ake ɗaurawa a ƙarshe. In ka fara da mai wuta sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi ne a kan batir, batir kuma yana fitar da iska mai kamawa. Zobe da agogon ƙarfe a cire su, sigari a yi nesa da ita.

Auna batirin yana zaune. Cikakke zai ba ka wajen folt 12.6. In ya nuna 12 ko ƙasa ka kai shi caji tukuna, don duk gwajin da za mu yi a gaba da mataccen batir ƙarya zai yi maka. Ka duba ruwansa, in ya yi ƙasa ruwan batir ake ƙarawa ba na rijiya ko na tafki ba.

3. Kwance tsohuwar dafira, wato damin wayoyi

Ɗauki hoto da wayarka ta kowane gefe kafin ka taɓa komai, bayan makulli, kan istarta, bayan dinamo. Sannan ka cire tsofaffin wayoyin gaba ɗaya. Na san da wuya mutum ya zubar, amma tarakta da ta yi rani a kambo, wato sansanin gona, kusa da buhunan dawa ɓeraye sun gama da robar, wadda ta tsira kuma rana da jaz (man dizal) sun busar da ita tana farfashewa kamar ƙanzo. Faci a kan faci shi ne ya kawo ka inda kake. Wayoyin fitilun gaba da na baya in suna da kyau ka bar su, ka manna musu salatif ka rubuta suna.

4. Manyan kebul biyu, nan ne zuciyar aikin

A nan nake daɗewa, kuma a nan mutane suke sauri. Kebul na (+) daga batir kai tsaye zuwa babban noti na solonaid da ke kan istarta. Wannan notin shi ne tashar da komai zai ɗebi wuta daga gare ta. Kebul na (-) kuma kada ka ɗaura shi a kwanon bodi ko a ƙarfen da ke riƙe batir, ka kai shi jikin inji ko gidan giya, in da hali ma a ɗaya daga cikin kusoshin da suka riƙe istarta. Goge wurin da samfefa sai ƙarfe ya yi fari tas, babu fenti babu tsatsa, ka ɗaure tam sannan ka shafa giris a sama.

Bara wani dattijo ya kawo min 165 ɗinsa a ɗaure da wata tarakta, ya ce ɗana na canza batir, na kai istarta an naɗe, har yanzu sai an ja ta take tashi, direba ma dare ba ya kashe ta saboda tsoro, jaz yana ta ƙonewa a banza. Na ce Baba bari mu ga kebul. A waje kyakkyawa, na tsaga robar kusa da kan batir da reza sai ga wani kore-koren gari yana zubowa kamar kuka, sillayen da suka rage a raye ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kebul ɗaya muka canza ta tashi bugu ɗaya. Saboda haka ka lanƙwasa tsohon kebul ɗinka kusa da kai, in ka ji yana ƙaras-ƙaras ko ya kumbura, ya gama.

Kan batir da ya sake ba a buga masa ƙusa ko a cusa gwangwani, a sa sabo. Sannan ka ƙara ƴar waya mai 2.5 daga inji zuwa allon da makulli da fitilu suke, don shi ma ya samu ardi na kirki. Har yanzu kada ka ɗaura (-) a kan batir, ajiye shi gefe.

5. Makulli

Daga babban notin solonaid ka ja waya zuwa gidan fiyus na ambir 30, ka sa fiyus ɗin kusa da notin iya yadda za ka iya, daga nan zuwa ƙafar shigar wuta ta makulli. Fiyus da ke can nesa ba ya kare wayar da ke bayansa.

Makullan da ke kasuwa lambobin ƙafafunsu ba ɗaya ba ne, don haka kada ka dogara da lambar da wani ya faɗa maka, gwada da kanka a kan tebur. Ba wa ƙafar da kake zato ta shiga wuta daga batir, ka riƙa murɗawa kana taɓa sauran da fitilar gwaji. Kana neman uku: wadda take kawo wuta in an buɗe makulli ta zauna a haka, wadda take kawowa a wurin hita kaɗai, da wadda take kawowa sai an murɗa har ƙarshe kuma ta ɗauke da an saki. Rubuta su a takarda. Minti biyar ne amma zai hana ka kwance allo sau biyu.

6. Layin tayarwa da makullin giya

Daga ƙafar tayarwa waya mai 2.5 za ta bi ta makullin tsaro da ke kan gidan giya sannan ta isa ƙaramar ƙafar solonaid, wadda a wasu istarta aka rubuta mata 50. A Masi wannan makullin ba ya barin wuta ta wuce sai ƙaramin giya na hai da lo yana tsakiya.

Gargaɗi, kuma da gaske nake: kada ka haɗe wayoyin nan biyu don ka huta. In ya lalace a canza shi. Haka tayar da tarakta da sukudireba a kan solonaid, mutum yana tsaye a ƙasa daidai gaban babbar taya. Na taɓa ganin yaro zayyat, wato yaron direba, ya yi haka babur yana cikin giya da garmar disk a bayansa, Allah ne ya sa injin ya tuƙe ya mutu bayan ya yi tsalle ɗaya, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Dizal in ya kama ba ya jiran kowa.

Ina ba da shawarar rilai a wannan layi, domin solonaid yana jan wuta da ƙarfi a farkon bugu, shi ke cinye makulli, shi ke kawo "ƙas" ɗin nan. Haɗinsa: ƙafa 30 daga babban notin solonaid ta fiyus, 87 zuwa ƙaramar ƙafar solonaid, 86 wayar da ta fito daga makullin giya, 85 ardi. Shi ke nan makulli ya huta.

7. Hita

A bututun shan iska na Perkins akwai ɗan hita mai waya ɗaya da siririn bututun jaz. Waya mai 2.5 daga ƙafar hita ta makulli zuwa kansa. Mu da zafinmu sai sanyin Disamba da Janairu ake nemansa, riƙewa kamar sakan 15 ya isa. Ka tabbata ba ya samun wuta in makulli yana buɗe kawai, in ba haka ba zai ƙone kuma ya yi ta ɗigar da mai cikin inji. In ba ka buƙatarsa ka naɗe kan wayar ka bar shi.

8. Dinamo da fitilar caji

In altaneto za ka sa a gurbin tsohon dinamo, akwatin kataut ya tashi aiki, cire shi da wayoyinsa, altaneto da nasa a ciki. Fara da zama: bakin fulinsa, wato gargaren da bel ke hawa, ya yi layi ɗaya da na inji da na famfon ruwa, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ka gani, in ya karkace zai yi ta cin bel. Ɗaurin bel kuma ka danna tsakiya da babban yatsa ya nutsa kamar santimita ɗaya. Ya yi sako-sako ba caji, ya yi tauri ya kashe boris na dinamo da na famfon ruwa.

Babbar waya mai 6 daga B+ zuwa babban notin solonaid. In dinamon babba ne, mai ambir 60 zuwa sama, sa mai 10.

Yanzu ƙaramar waya, wadda ita ce sirrin da ke ba mutane wahala. Irin na Lucas da Bosch ƙaramar ƙafa ɗaya ce, an rubuta IND ko D+ ko 61. Wuta za ta fito daga ƙafar makulli ta buɗewa, ta shiga kwan fitilar caji, ta fita ta ɗaya gefen zuwa wannan ƙafa. Fitilar nan ba ado ba ce, ƴar wutar da ke ratsa ta ita ke tada dinamo ya fara caji. Kuskure uku nake gani kullum. Na ɗaya a sa gidan kwai mai waya ɗaya wanda ke ɗaukar ardi a jiki, sai fitila ta yi ta ci dinamo bai san ana yi ba, dole gidan ya zama mai waya biyu da bai taɓa ƙarfe ba. Na biyu a sa ƙaramin kwan LED, wutar da yake ja ba ta isa ta tada dinamo. Na uku kwan ya mutu ba a lura ba, a je a sayi sabon dinamo alhali kwan da bai kai kuɗin shayi ba ne.

Da yawa kuma dinamon Toyota suke ɗaurawa, na Denso, don shi ya fi samuwa a mantiga, unguwar masu gyara da kayan gyara. Yana aiki sosai, sai dai soket ɗinsa ƙafa uku ne: IG wuta daga makulli kai tsaye, L ta fitila kamar yadda na faɗa, S kuma zuwa (+) na batir ko babban notin solonaid don ya riƙa jin ƙarfin batir. Ka karanta haruffan a jikin dinamon, kada ka yi canke.

Agogon ambir na asali mai 30 ba zai ɗauki altaneto ba. Ni cire shi nake yi in sa agogon folt, waya ɗaya daga makulli ɗaya ardi. In ka nace sai ka bar shi, kuma ka juya ardi daga (+) zuwa (-), sai ka musanya wayoyin bayansa, in ba haka ba zai riƙa nuna maka akasi.

Wanda kuma zai ci gaba da tsohon dinamonsa na Lucas: D na dinamo zuwa D na kataut, F zuwa F, A zuwa layin batir, E ardi mai tsabta. Kafin ka haɗa, ɗauko waya daga kan batir mai wuta ka ɗan kyasta a F na dinamo sau ɗaya ko biyu, don ya san gefen da zai bi. Altaneto ba a yi masa wannan, ko kusa.

9. In injin fetur ne

Ba su da yawa yanzu amma akwai tsofaffin Ferguson. Daga ƙafar buɗewa ta makulli zuwa (+) na koyil, (-) na koyil zuwa distirbuta, in ardinka (-) ne. Buɗin platin (kontak ɗin cikin distirbuta) wajen milimita 0.4, jerin wutar fulogi 1-3-4-2. In ka kashe makulli inji ya ƙi mutuwa bayan ka sa altaneto, wuta ce ke dawowa ta layin fitilar caji, a sa dayod a layin, ɗan abin da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai.

10. Gwaji kafin a tayar

Zura wayoyi a bututu, ɗaure su nesa da salansa da fanka da sandar sitiyari, duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Makulli a kashe, ɗaura (+), sannan ka sa fitilar gwaji tsakanin kan (-) na batir da kebul ɗin ardi. In ta kama akwai inda wuta ke zurarewa, cire fiyus da wayar B+ ɗaya bayan ɗaya har ta mutu, ka ga mai laifi. In ba ta kama ba ɗaura ardi.

Gargaɗi: sake kallon (+) da (-) sau biyu. Juya batir na ƙiftawar ido ya isa ya ƙone dayod ɗin altaneto.

Buɗe makulli, fitilar caji ta kama. Sa giya a ciki ka taka kuloc, kana zaune a kujera, ka murɗa, bai kamata istarta ya motsa ba. Mayar tsakiya, ja wayar kashe inji don kada ya tashi, ka buga kana kallon mita a kan batir, kada ya faɗi ƙasa da wajen 9.6. Sannan ka sa mita tsakanin kan (-) na batir da jikin istarta a sake bugawa, haka tsakanin kan (+) da babban noti. Duk gefen da ya nuna sama da rabin folt, kebul ɗin ko ɗaurinsa ne matsala. Kada a riƙe istarta fiye da sakan 10 zuwa 15, a bar shi ya huce.

11. Tayarwa da auna caji

Mayar da wayar kashewa ka tayar. In fitila ba ta mutu nan take ba ɗan ƙara totur, Perkins a hankali yake juyawa in yana zaune. Mita a kan batir ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. Kunna fitilu duka, kada ya sauka ƙasa da 13 da ɗoriya. In ya tsaya a 12 da wani abu ba caji, koma kan bel, kwan fitila, da ƙaramar waya kafin ka zargi dinamo. In ya haura 15 kashe, yana dafa batir, za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, a Denso ka fara duba wayar S. In fitila tana ci dishi-dishi inji na gudu, auna B+ ka auna batir, in akwai bambanci babba layin caji ne, in babu to dayod ne.

Gargaɗi: gwajin nan na cire kan batir inji na aiki wai a ga ko yana caji, na zamanin tsohon dinamo ne, a altaneto kashe shi yake yi. Haka in za a yi walda a jikin tarakta ko disk yana ɗaure da ita, a cire batir da wayoyin dinamo tukuna.

Sai a ja wa direba kunne a kan abu ɗaya. Wannan injin da wayar ja ake kashe shi ba da makulli ba, to da yawa sai su ja waya su sauka su bar makulli a buɗe, fitilar caji tana ci har asuba, da safe a ce usta aikinka bai yi ba. A ja waya, a kashe makulli, a zare shi. Bayan kwana biyu ko uku a gona ka sake bin notuna da sifana ka danna bel, sabon bel yana saki a farkon aiki. Fiyus biyu da kwan fitilar caji ɗaya kuma a naɗe su a leda a jefa cikin akwatin sifanu, don in ruwa ya sauka hanyar gona ta zama taɓo ba mai iya kawo maka su.